Azurfar Misra a Aljihun Alhaji

Bari in fara da kwandalar kanta, don ko na fara da wani abu, kanta zan dawo. Ba ta wuce maɓallin kwat girma ba, amma tana da kauri, in ka ɗora ta a tafin hannu za ka ji nauyinta. Launinta toka-toka, kamar cokalin da aka manta a bayan kabad. A fuska ɗaya akwai kan wani sarkin Rum mai gemu. A ɗayar kuma wani dattijo ne a kishingiɗe riƙe da kara, wai shi ne kogin Nilu, ga wani ɗan kada a ƙarƙashinsa ya buɗe baki kamar an ba shi labarin ban dariya. A Iskandariyya aka buga ta, ƙarnuka kafin zuwan Musulunci, lokacin Misra tana lardi a hannun Rumawa.

Ni ba wanda ya koya mini wannan abu. Karatun noma ne ya kawo ni garin Greensboro a Amurka a ƙarshen shekarun saba'in, ina zaune a unguwar Glenwood, da rana aji, da yamma wanke-wanke a wani gidan abinci. Wata rana na shiga laburare neman littafi a kan takin zamani, na bi layin da ba shi ba, hannuna ya faɗa kan wani littafin kuɗaɗen Rumawa. Takin zamani dai bai gan ni ba ranar. A ciki na fara ganin cewa dinari da dirhamin nan da muke ji a karatun zakka, sunayensu sun girmi duk wanda na sani, daga bakin Rumawa da Girkawa suka biyo hanya. Daga nan kuma abin ya zame mini kamar gyaɗa soyayya, ka ce wannan ce ta ƙarshe, hannu ya sake komawa.

A lokacin ne farashin azurfa ya haukace a Amurka. Ko'ina ka bi shaguna sun liƙa takarda suna saye, mutane na kwaso cokulan kakanninsu a jaka ana narkarwa. Ni kuma a wata kasuwar ƙarshen mako na tsinci tawa, a cikin kwanon tsofaffin kuɗaɗe a teburin wani dattijon Bature. Da na ga ɗan kadan nan, nan take na gane shi, don na san shi a hoto. Ko tayi ban yi ba, abin kunya ga Bakano.

Wanda ya fara shan wahalar kwandalar nan shi ne abokin zamana, wani Badamagare da ke karatun injiniya. Yana cin abinci ina gaya masa tarihin Misra, yana aski ina tsaye a ƙofar banɗaki ina ƙarasawa. Ya kan bar ni in yi nisa, sannan ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, ɗan Kano, kadan nan dai ana cin sa ko ba a ci?" Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa, ba ni da hurumin fushi.

To sai ga ƙaramar Salla. Duk wani mai jin Hausa a garin, gidan Alhaji yake zuwa cin tuwon Salla a unguwar Sedgefield. Alhaji Bazazzage ne, injiniya a wata masaƙa, ya riga kowa zuwa ƙasar, kuma shi ke ɗauko sababbin zuwa daga filin jirgi. Ni ma shi ya ɗauko ni. Wato ga Badamagare a ɗaki, ga Bazazzage a matsayin uba, Bakano dai ba shi da wurin sa kai a Greensboro.

Abokina ya ce in bar kwandalar a gida. Na ce to, na sa ta a aljihu.

Bayan an ci an sha, ana zaune a falo, wani ya yi maganar yadda azurfa ta yi tsada. Wallahi na yi ƙoƙari. Na danne bakina har na ji kunnena yana zafi. Sai kawai na ga hannuna ya kwance hankici, kwandala tana zagayawa daga hannu zuwa hannu, ni kuma ina tsakiyar bayani a kan yadda jiragen ruwa ke kwasar alkamar Misra su kai birnin Rum. Da ta iso hannun Alhaji, ya gyara tabarau, ya juya ta, ya ɗaga ta wajen taga.

"Kai, wannan abu da kyau yake," in ji shi.

Kowa ya san yadda ake yi. Babba ya yaba abinka, kai kuma ka ce nasa ne, shi kuma ya ce a'a, Allah ya yi albarka, ya miƙo maka kayanka. Haka na ga ana yi tun ina yaro, ban taɓa ganin an yi akasi ba. Don haka na russuna na ce, "Ai taka ce, ranka ya daɗe."

"Madalla, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Ya ɗaga gefen babbar riga, ya jefa ta a aljihu. Na ji ƙarar haɗuwarta da makullan motarsa. Na tsaya da hankici a buɗe a hannu, ina jira ya yi dariya ya fito da ita. Maimakon haka sai ya juya ga mutane yana cewa dama ya daɗe yana son zoben azurfa, irin wanda mahaifinsa ke sawa, kuma akwai wani mai shagon zobe da sarƙa a cikin gari da ya iya narka abu ya ƙera. Aka yi ta cewa Allah ya sa albarka. Wani ma ya yaba mini, ya ce yaran yanzu ba su da wannan tarbiyya.

A hanyar komawa abokina ya yi dariya har sai da ya tsayar da tsohuwar motarsa a gefen titi. Ya ce zai rubuta gida ya ba da labari, an ga Bakanon da ya yi kyauta kuma Bazazzage ya karɓa, ba a san wanne ya fi ban mamaki ba. Na ce gobe zan je in ce wa Alhaji kuskure ne. Nan ya daina dariya. Ya tambaye ni ko na manta abin da ake cewa a kan mai kyauta ya dawo ya karɓe, da kare da amansa. Kuma wa? Mutumin da ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya ba ni bargo da tukunya. Na san gaskiya ya faɗa. In na buɗe baki na roƙa, na gama zubar da mutuncina a garin nan, in kuma na yi shiru, abin da ya tsallake shekaru kusan dubu biyu zai ƙare a yatsan Alhaji.

Shi ne ya kawo dabarar farko. Ya ce ƙofar da abu ya bi ya fita, ta nan yake dawowa. In je in yaba kwandalar a gaban Alhaji, dole shi ma ya ce tawa ce. Amma kada in faɗa mata kai tsaye kamar mayunwaci, in fara daga nesa.

Ranar Asabar na hau keke har Sedgefield, unguwar da ba mai hawa keke sai ni. Na tarar da Alhaji a bayan gida. Na fara daga nesa kamar yadda aka ce, na ce wannan hula ta yi kyau. Ya cire ta ya ɗora mini a ka. Na ce a'a, ya ce ya rantse. Na ga tiyon ban ruwa a nannaɗe, na ce irin wannan mai ƙarfi ne. Ya ce nawa ne. Gidansa yana jikin filin golf, ƙwallayen Turawa na faɗowa cikin lambunsa yana tarawa a bokiti, ni kuma bakina ya riga ya kama hanya, na ce kai, masha Allah, farare tas. Ya miƙo mini bokitin. Da muka shiga falo na hango ta a kan talabijin, cikin wani ɗan faranti mai zanen fure. Na ce farantin nan ya dace da abin da ke cikinsa. Alhaji ya ɗauke kwandalar, ya ba ni farantin.

Ba sauran nesa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ma kwandalar nan, gaskiya tana da kyau."

Ya dube ta, ya dube ni ta saman tabarau. "Ai kuwa. Wani yaron kirki ne ya ba ni, ɗan Kano. Ka ga kyautar mutum ba a kyautar da ita a gabansa."

Haka na komo Glenwood, hula a ka, tiyo a kafaɗa, bokitin ƙwallaye yana lilo a ƙahon keke, faranti a cikin riga. Abokina ya leƙo ta taga ya ce in sake komawa sati mai zuwa, wataƙila mu sami firij.

Abin da ya ba ni ɗan numfashi shi ne mai shagon zoben aiki ya yi masa yawa, saboda kowa na kawo azurfa, ya ce wa Alhaji sai ya jira layi. Sai muka shirya dabara ta biyu, wato in kushe ta. Kuma a nan ina da gaskiya a hannuna, don kuɗin Iskandariyya ba azurfa ce zalla ba. Azurfar kaɗan ce, sauran tagulla ce aka gauraya. Shi ya sa ma masu narkarwa ba su waiwaye ta a kwanon Baturen nan ba. Na shirya zan ce wa Alhaji in ya yi zobe da ita, yatsansa zai koma kore kamar ganyen rama.

Na faɗa masa kuwa. Ya tambaye ni, to me ya sa sarki guda zai buga kuɗin jabu? Wannan tambaya ita ta kashe ni. Na ce ai ba jabu ba ne, ranka ya daɗe, tsari ne. Misra ba kamar sauran larduna take ba, kamar gandun sarki ce, ko manyan 'yan majalisar Rum ba sa shiga sai da izini. Kuɗinta ma daban. In ɗan kasuwa ya sauka a tashar jirgin ruwa, sai ya canza kuɗinsa ya karɓi na Misra, in zai fita ya sake canzawa, don haka irin wannan kwandala a cikin ƙasarta take yawo, daga hannu zuwa hannu, ba ta ƙetarawa. Sunanta dirhami huɗu, ta fi dinarin Rum kauri da nauyi, amma dinari ɗaya take ci, ka ga ashe sun san abin da suka zuba a ciki. Na nuna masa rubutun gefe, na ce wannan ba harshen Rumawa ba ne, Girkanci ne, don shi ake rubutu da shi a Iskandariyya tun kafin Rumawa su zo. Na nuna masa alamar da ke faɗin shekarar sarautar mai gemun. Na ce shi kansa mai gemun bai iya zama wuri ɗaya ba, yawon larduna ya yi ta yi, har Misrar ya je ya shiga jirgi a kogin nan da ke kishingiɗe. Ban farga ba sai da Hajiya, matar Alhaji, ta shigo ta ce la'asar ta yi.

Alhaji ya riƙe kwandalar da hannu biyu. Ya ce ashe daga ƙasar Annabi Yusuf take, ashe ba ƙaramin abu na ba shi ba. Ya ce in yatsa zai yi kore, ya yi, ai yana da wasu tara.

Asabar ta gaba na zo da hujjar da na ɗauka ba ta da magani. Na ce akwai hoton mutum a jiki, kuma dattijon nan na kishingiɗe, su a wajensu abin bauta ne, bai dace da hannun mai salla ba. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce na yi tunani irin na malamai. Ya ce shi ya sa ma gara a narka ta da wuri, wuta ta cinye gemun da dattijon da kadan gaba ɗaya.

Daga nan na rasa dabara, amma ban rasa keke ba. Kowace Asabar ina Sedgefield. Ina zuwa ne da niyyar in dube ta kawai in tabbatar tana raye, amma da na gan ta a kan talabijin sai wani abin da na karanta cikin satin ya taso mini. Na ba Alhaji labarin kuɗin Antakiya masu hoton gaggafa. Na ba shi na lardunan da aka bar wa garuruwansu su buga kwabbansu na tagulla, kowane gari da abin da yake taƙama da shi. Na bi shi gareji ina yi, na riƙe masa tsani ina yi. Da farko yana tambaya, daga baya ya koma "uhm", daga baya kuma na lura in na jingine keke, labulen falo yana motsi, sai Hajiya ta fito ta ce yanzun nan ya kwanta. Sai in zauna in ba Hajiya.

Wata Asabar na shiga, kan talabijin wayam. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na tambayi inda take. Alhaji kuwa fuskarsa fes kamar wanda ya sauke faralin azumi. Ya ce ba a narka ba, in kwantar da hankali. Matar wani likita daga cikin mutanenmu ce ta zo gaisuwa cikin sati, ta gani ta yaba, shi kuma me zai ce? Ya ce ya riƙe ƙa'ida, bai kyautar a gabana ba. Har bakin titi ya rako ni yana kwatanta mini gidan, ya maimaita sau biyu don kada in ɓata.

Matar Likita, wadda duk muke kira Anti, a unguwar Irving Park suke, cikin manyan gidajen nan masu bishiyoyi kamar na gidan gwamna. Mijinta likitan ƙashi ne, mutum mai shiru. Anti ta karɓe ni da fara'a, ta zubo mini shinkafa, ta ce ta ji ni ne asalin mai abin. Ta ce tun tana yarinya kakarta ke da wata sarƙa mai fataka, tsohon kuɗin azurfa, a rataye, ita ma irin ta take so. Za ta kai a huda ta a sama, daidai kan mai gemun, a zura mata sarƙa. Amma sai ta wanke ta tukuna, don ba za ta rataya wannan dauɗa a wuya ba. Ta riga ta tanadi lemon tsami da toka.

Na ajiye cokali. Duk littafin da na karanta, abu na farko da yake cewa shi ne kada a goge tsohon kuɗi. Wannan duhun da Anti ke kira dauɗa, shi ne shekarun. Na fara yi mata bayani, ta ce, "Ƙanena, ci abincinka. Ni da na wanke tukwanen gidanmu har ana ganin fuska a ciki, za ka koya mini wanki?"

A nan ne Likita, wanda ke gefe da jarida, ya sauke ta ya tambaye ni me ya sa aka zana kogi a siffar mutum. Allah sarki. Bai san abin da ya taɓo ba, ni ma ban san abin da na taɓo ba. Na yi bayani, ya sake tambaya. Na sake yi, ya tashi ya ɗauko gilashin da ke ƙara girman abu. A duk garin nan ban taɓa samun wanda ya tambaye ni abu na biyu da son ransa ba. Ya hana a huda, ya ce a dakata sai ya gama dubawa. Asabar ta gaba shi ya zo da mota ya ɗauke ni. Ya bar zuwa golf. Ya sayo littattafai masu tsada waɗanda ni a laburare kawai nake ganinsu, ya baje su a teburin cin abinci, aka koma ci a kicin. Baƙi in sun zo, kafin a kawo musu ruwa ya fara ba su labarin alkamar Misra, da kalmomina, har da yadda nake ɗaga yatsa. Abin da ya kai Anti bango shi ne ranar da ya ce hutun bana, maimakon a je gida a ga dangi, me zai hana a biya ta Iskandariyya.

Abokina ne ya kawo mini labarin abin da ke faruwa a bayan idona. Anti ta ƙudura sai kwandalar ta bar gidanta. Ba za ta iya mayar wa Alhaji ba, don mayar da kyauta cin fuska ne, kuma an ce Alhaji ya daina ɗaga tarho in ya ji muryarta. Jefarwa kuma Likita ba zai yafe ba. Hanya ɗaya ta rage, wani ya yaba, ta ce nasa ne, Likita kuma ba shi da bakin magana, don ita aka ba. Sai ta dinga yawo da ita a jaka, gidan suna, gidan gaisuwa, tana fitowa da ita. Amma labari ya riga ya zaga cewa duk wanda ya karɓi abin nan, da ɗan Kano da kekensa ake haɗa masa. An ce in ta buɗe hankici, mata sai su hau yaba labule. Wani mutumin Kumasi ma rufe ido ya yi, ya ce yana da ciwon kai. Da na ji haka na ɗan ji zafi, amma kuma na ce wa abokina ya duba, ashe kwandalar ba ta bar halinta ba, a cikin lardi ɗaya take yawo ba ta ƙetarawa. Ya ce in ban yi shiru ba zai koma kwana a mota.

Wata Lahadi da hantsi muna shanya kaya a baranda, sai ga doguwar motar Anti ta tsaya a ƙofar gidanmu, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta shigo, ta ƙi zama sosai, ta ɗosana a bakin kujera da jaka a cinya. Ta ce gobe da safe mai shagon zobe ya ba ta lokaci, in ba wani abu ya faru ba, za a huda, ko Likita ya so ko bai so ba. Sannan ta kwance hankici ta ajiye a kan tebur, kusa da farantin Alhaji.

"Ƙanena, ya ka ga abin nan?"

Na duba, sai na ga ta riga ta fara aikinta. Fuskar mai gemun ta sha lemon tsami, tana ƙyalli kamar sabon kwano. Na juya ta da sauri. Dattijo da kadansa suna nan da duhunsu, da alama Likita ya shigo a kan lokaci. Ganin haka ya sa na manta abin da aka tambaye ni. Na fara cewa ai ga abin da nake gudu, kun ga inda tagullar ta fara nuna ja a gefen kunne, saboda a Iskandariyya in za a buga kuɗi…

Anti ta rufe ido. Ta ce ba Iskandariyya ta tambaye ni ba. Na ce na sani, amma sai an fahimci yadda ake gauraya ƙarfen kafin a gane. Abokina ya taka mini ƙafa, na janye ƙafar na ci gaba. Anti ta fara naɗe bakin hankicin, ta miƙa hannu ga jakarta.

Sai na ji abokina ya gyara murya. Ya matso kusa da tebur, ya sa hannu a ƙirji, ya karkata kai kamar mai neman aure.

"Bon, Anti, ni dai in za a bi ta tawa, wannan abu gaskiya yana da…"

"Tana da kyau!" Ban san lokacin da na faɗa ba. Tun da na zo Amurka ban taɓa yin magana gajeriya haka ba.

"Taka ce," in ji Anti. Ta miƙe. Ko hankicin ba ta ɗauka ba. Daga bakin ƙofa ta juyo ta ce in ina son ganin Likita, in bari sai sun dawo daga gida, kuma gida take nufi, ba Misra ba.

Abokina ya ce saura ƙiris, da yanzu yana da abin toshe ƙafar teburinsa da ke rawa. Har yau ban sani ba ko da gaske yake, kuma ba na son in sani.

Yanzu tana cikin farantin nan mai zanen fure, fuskar da aka goge tana ƙasa, kada yana sama. Mai gemun ya fara komawa duhu a hankali, amma littattafai sun ce ba zai koma yadda yake ba a zamanina. Tiyon muna ban ruwan tumatir da shi a bayan gida. Ƙwallayen golf ɗin ne har yanzu ban san abin yi da su ba.

Da babbar Salla ta zagayo, Alhaji ya biyo ta Glenwood ya ɗauke mu zuwa idi, da sabon zoben azurfa a yatsa, wanda aka aiko masa daga Zariya. Yana jiran in sa takalmi, idonsa ya faɗa kan farantin. Ya ɗauki kwandalar, ya gyara tabarau, ya ɗaga ta wajen taga.

"Kai, wannan abu da kyau yake."

Na russuna har ƙasa. "Ai kuwa, ranka ya daɗe. Wata baiwar Allah ce ta ba ni."

Ya yi dariya har tabarau ya zamo masa, ya ajiye ta, ya ce yaro ya yi hankali. Sai na ga dama ta samu, na tambaye shi ko na taɓa gaya masa dalilin da ya sa kada ne a ƙarƙashin dattijon, alhali a wasu kuɗaɗen dorina ce. Alhaji ya dubi agogo, ya ce in muka tsaya za mu rasa idi, ya riga mu fita.